Yadda Ake Gane Samfurin Injin Tsohuwar Mota da Magance Ƙonewar Gasket

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota na ɗan lokaci ya san cewa ranar da makanike ya ce gasket ɗin top silinda, wato siririn faifan da ke like mahaɗar kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone, ranar kashe kuɗi ce. Abin da ke ƙara wa mutane asara shi ne gaggawar sayen kayan gyara alhali ba su tabbatar da irin injin da ke cikin motar ba, domin motar da ta shekara ashirin ko talatin tana yawo a hannun mutane daban-daban, ba lalle ne injin da ke cikinta ya kasance wanda ta fito da shi daga kamfani ba.

Farkon abin da za a duba shi ne lambar shasi, wadda akan samu a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko a jikin ƙofa, ko a wani ɗan faranti ƙarƙashin boneti. Tun daga shekarar 1981 motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka suke ɗauke da lamba mai haruffa da alƙaluma 17, kuma gurbi na goma yana nuna shekarar motar, a wasunsu kuma na takwas yana nuna injin. Sai dai wannan lamba labarin motar take bayarwa a ranar da aka ƙera ta. Shaidar da ba ta ƙarya ita ce lambar da aka buga a jikin bulok, wato gangar jikin injin kansa, a wani wuri mai santsi da aka goge, galibi kusa da mahaɗar inji da giya ko ƙasa da top silinda. Yawanci baƙin mai da ƙura sun rufe ta, don haka sai an goge wurin da tsumma da buroshin waya, a haska da tocila daga gefe, sannan haruffan su fito.

Idan an samu lambar, karanta ta ba ta da wuya. A wajen Toyota, lamba irin 4A-FE tana nufin inji na huɗu a dangin A, harafin E kuma yana nuna cewa mai injekta ne. 4A-FE lita 1.6 ne, 5S-FE na Camry kuwa lita 2.2. A wajen Honda, harafin farko dangi ne, alƙaluman da ke biye girman inji ne, shi ya sa D16 yake lita 1.6, F22 kuma 2.2. Mercedes tana fara lambar injin fetur da M, na dizal kuma da OM. Na taɓa sayen bel ɗin taimin, wato bel ɗin da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul, da sauran kaya bisa abin da takardun wata mota suka nuna, wato 4A-FE, sai da aka kwance komai muka ga bel ɗin bai kai ba, ashe wani mai ita na baya ya sanya mata 7A-FE mai lita 1.8, wanda a ido kusan kamarsu ɗaya amma bulok ɗinsa ya fi tsawo. Motar ta kwana biyu a buɗe saboda minti biyar da ban ɓata ba wajen goge bulok. In lambar ta goge gaba ɗaya, a ƙirga fulogi don sanin yawan silinda, a duba ko kafireto ne ko injekta, ko bel ne ke juya taimin ko sarƙa, sannan a tafi wajen mai kayan gyara da tsohon gasket a hannu a gwada rami da rami.

Shi gasket yana zaune ne tsakanin bulok da top silinda, yana raba abubuwa uku da bai kamata su haɗu ba: wutar da ke ci a cikin silinda, ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. Alamar lalacewarsa ta danganta da inda ya fashe. Idan ruwa ne ke shiga silinda, za a ga farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko da inji ya yi ɗumi, ruwan lagireto yana raguwa ba tare da an ga ɗigo a ƙasa ba, injin kuma yana karkarwa da safe kafin ya daidaita. Idan iskar silinda ce ke kutsawa cikin ruwa, kumfa za ta riƙa tasowa a bakin lagireto, tiyo ya yi tauri jim kaɗan bayan tayar da mota, allurar zafi kuma ta riƙa hawa. Idan ruwa ya haɗu da mai, sandar gwajin mai za ta fito da wani abu mai kama da madara. Akwai kuma yoyon waje, wanda aka fi saninsa a injin EJ25 na Subaru, inda mai ko ruwa ke tsatsafowa ta gefen mahaɗar.

Kada a yanke hukunci da alama ɗaya. Farin abu a ƙarƙashin murfin mai kan taru a motar da ba ta tafiya mai nisa, kuma lalacewar na'urar sanyaya mai tana iya gauraya ruwa da mai alhali gasket lafiyarsa ƙalau. Gwaji mafi sauƙi shi ne na shuɗin ruwan da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa ruwan ɗorawa idan hayaƙin fetur yana cikin ruwan inji. Gwajin matsin silinda ma yana da amfani ƙwarai: idan silinda biyu da ke maƙwabtaka suka nuna matsi ƙasa da sauran, to mai yiwuwa gasket ya fashe a tsakaninsu. A kiyaye, ba a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, domin ruwan yana ƙarƙashin matsi kuma yana ƙona jiki mummunar ƙuna.

Da zarar an tabbatar, a daina tuƙa motar. Magungunan kwalba da ake zubawa a lagireto na iya toshe ƙaramin yoyo na ɗan lokaci, amma sukan toshe hanyoyin ruwa su ma, don haka ban ga hikimar dogaro da su ba a motar da ake son ci gaba da riƙewa. Wajen kwancewa, a yi wa taimin alama tukuna, a sassauta kusoshin top silinda kaɗan-kaɗan daga waje zuwa tsakiya, inji yana sanyi.

Nan ne wurin da yawancin gyara ke lalacewa. Injuna da dama bulok ɗinsu ƙarfe ne, top silindarsu kuma alminiyam, wanda ya fi ƙarfe saurin buɗewa idan ya ji zafi, saboda haka inji ya yi zafi sosai sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa shi. Dole a ɗora ƙarfen awo miƙaƙƙe a fuskarsa, a tsaye da a karkace, a zura siririn ma'auni a ƙarƙashi. A injuna irin 4A-FE lanƙwasar da aka yarda da ita ba ta wuce milimita 0.05 ba, abin da ido ba zai taɓa gani ba. In ya wuce haka sai a kai shi a goge fuskar da na'ura, a kuma duba ko ya tsage. Sabon gasket a kan lanƙwasasshen top silinda ba zai daɗe ba komai kyawunsa. A injin dizal kaurin gasket ma yana da muhimmanci, shi ya sa Volkswagen take yi masa alamar rami ɗaya, biyu ko uku a gefe.

Wajen mayarwa, a tsabtace fuskokin biyu, a fitar da ruwa da mai daga ramukan kusoshi, domin abin da ya kwanta a ciki yana hana kusa zama daidai, har yakan tsaga bulok. Ba a shafa gam a gasket sai in kamfanin ya ce a yi. A ɗaure kusoshi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, daga tsakiya zuwa waje, a matakai, bisa adadin da littafin wannan injin ya faɗa, kuma nan ma sanin lambar inji ke sake amfani. Wasu injunan kusoshinsu suna miƙewa idan an ɗaure, irin waɗannan sababbi ake sawa.

Kafin a tayar da motar, a nemo abin da ya sa ta yi zafi tun farko, ko fanka ce ba ta tashi, ko famfon ruwa ya gaji, ko lagireto ya toshe, ko tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan inji ya yi zafi, ya maƙale. Cire tamostat a jefar, kamar yadda wasu ke yi, ɓoye matsalar ne kawai. A sauya shi da sabo. Sai a zuba sabon baƙin mai da sabuwar matata, a cika lagireto da ruwan sanyaya inji na ainihi maimakon ruwa zalla mai kawo tsatsa, a fitar da iskar da ta maƙale, a bar injin yana aiki har fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. A makon farko a riƙa duba ruwa da sandar mai kowace safiya kafin a kunna mota.