Rana a gari, dusar ƙanƙara a kan dutse: ga waɗanda wannan ne sanyinsu na farko a Kolorado

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallacin da ke titin Parker a Denba, babban birnin jihar Kolorado ta Amurka, wani yaro da bai fi wata uku da sauka ba ya tare ni yana murna, wai ya samu fasinjan da zai kai Vail, wani gari can kan duwatsu, da sassafe, kuɗi mai kauri. Na tambaye shi ko ya duba hasashen yanayi. Sai ya ɗaga kai ya kalli sama ya ce, "Kawu, ai ga rana nan garau." Na sunkuya na shafa tayar motarsa, ta suɗe sumul kamar tafin hannu. Raina ya ɓaci, domin bara ma na yi wannan maganar da wani, bai ji ba, sai da aka janyo motarsa daga gefen hanya.

Daga tsakiyar Nuwamba za ku riƙa ganin ofishin hasashen yanayi na ƙasa da ke Boulder yana maimaita magana kusan iri ɗaya: dusar ƙanƙara a kan duwatsu, iska mai ƙarfi a gindinsu, cikin gari kuwa bushe. Baƙo yakan karanta na ƙarshen kawai ya rufe waya. Ga yadda abin yake. Iska mai danshi tana tasowa daga yamma, daga wajen tekun Fasifik. In ta iske duwatsun Roki sai ta hau, ta yi sanyi, ta sauke kayanta a can sama. Abin da ya rage shi ne ke gangaro mana a bushe, a guje, wani lokaci har da ɗumi, ita ce mutanen nan ke kira Shinuk. Saboda haka ranar da gari ya yi haske kuma iska ke kaɗawa daga yamma, sau da yawa ranar ce ake tafka dusar ƙanƙara a kan dutse. In kuwa iskar ta juyo daga gabas ko arewa maso gabas, to mu za ta sauke wa, Denba da Aurora. Kafin ku duba komai a hasashe, ku duba daga ina iska za ta taso.

Kuma garin nan ba ya ba da sanarwa. A Satumbar 2020, ranar 7 ga wata zafi ya haura digiri 33 a ma'aunin da muka saba da shi a gida, washegari aka wayi gari dusar ƙanƙara na sauka. A Nuwambar 2024 kuwa, cikin 'yan kwanaki aka tara kusan rabin mita a Denba. Ma'aunin nan ma daban yake da namu. In ka ga 32, to ruwa ya fara daskarewa ke nan. Na san wanda ya ga 30 a waya ya fita da 'yar shara.

Maganar sutura ba sai na tsawaita ba. Riga kan riga, hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai kaushin ƙasa, duk ana samunsu da araha a shagunan gwanjo. Wanda ya san hunturun Kano ko na Zinder ya san faso da tsagewar leɓe da haɓo, a nan ma haka ne, sai ma abin da ya ƙaru, don garin yana bisa tudu, mita 1,609 daga teku, iskarsa busasshiya ce. Man kaɗanya da shan ruwa sun wadatar. Ranar Lahadin farko ta Nuwamba ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, daga nan magariba kan yi kafin biyar na yamma, sai ku gyara lokacin sallarku a wurin aiki.

Hanyar dutse ce ba a wasa da ita, musamman ku masu ɗaukar fasinja da masu kai kaya. Titin I-70 daga Denba hawa yake yi ba tsayawa, cikin kamar awa ɗaya ka isa ramin Eisenhower, inda hanya ta ratsa cikin dutse, wanda ke bisa kimanin mita 3,400. Ka bar gida da rana, ka iske wata duniya. Daga 1 ga Satumba zuwa 31 ga Mayu doka ta wajabta wa duk motar da ke kan wannan titi tsakanin garuruwan Morrison da Dotsero ta kasance da taya mai zurfin zane aƙalla kusan milimita 5, ta sanyi ko mai tambarin M+S a gefenta, kuma in motarka ba mai ja da ƙafa huɗu ba ce, sai ka ɗauko sarƙar ɗaura wa taya. Lokacin da aka tsaurara dokar a 2019 tarar ta haura dala 130, in kuwa motarka ce ta tare hanya, ta haura 650. Wannan kuɗi ne kawai. Abin da ya fi tara shi ne gangaren Floyd Hill da asuba, inda kwalta ke ƙyalli kamar an yi yayyafi, alhali ƙanƙara ce, ka taka birki mota ta ci gaba da tafiya abinta. Ku sauke manhajar COtrip, ta hukumar hanyoyin jiha ce, tana nuna inda aka rufe, har da hoton hanya kai tsaye. Ku sa bargo da ruwa da dabino da cajar waya a but, tanki kada ya gaza rabi, ruwan wanke gilashi kuma ku sayi wanda ba ya daskarewa. 'Yan'uwanmu na Muritaniya da Senegal da ke aiki a Silverthorne sun daɗe a can sama, in kun san wani cikinsu ku kira shi kafin ku hau. Sannan ku daina kunna mota ku koma ɗaki shan shayi kafin ta yi ɗumi. Laifi ne a Kolorado in ba mai kunnuwa daga nesa ba ce, kuma ɓarayi sun san wannan lokacin sarai.

Iskar ma kanta kada ku raina ta. A hanyar 93 tsakanin Golden da Boulder, da kuma I-25 in ka nufi Wayomin, takan kifar da tirela marar kaya. A 2021 dusar ƙanƙara ta ƙi sauka a Denba har sai 10 ga Disamba, ciyawa ta bushe ƙayau. Ranar 30 ga watan iska ta gangaro da gudun da ya haura kilomita 160 a awa, wuta ta tashi, cikin yini guda gidaje sama da 1,000 suka ƙone a Superior da Louisville da kewaye. Washegari dusar ƙanƙara ta sauka a kan toka. Tun daga lokacin, in na ga gargaɗin jar tuta a hasashe, wato na haɗarin gobara, nakan haɗa fasfo da takardun zama da na haihuwar yara a jaka ɗaya in ajiye bakin ƙofa. Ranar irin wannan ba a gasa nama a waje, ko da suna ake yi. Kamfanin wuta ma yakan yanke lantarki da gangan in iska ta tsananta, kamar yadda aka yi a Afrilun 2024, don haka ku tanadi tocila.

Amma ni ba a hanya na sha tawa wuyar ba, a cikin ɗakina na sha ta.

Sanyinmu na farko, muna haya a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na wani gida, ni da maiɗakina da ɗiyarmu 'yar wata bakwai. Wani ne ya haɗa ni da mai gidan, muka yi magana baki da baki, na ba shi kuɗin wata da kuɗin ajiya a hannu, ba takarda ba rasit. A ganina mutunci ne, kamar yadda muke yi a gida. Ƙarshen Nuwamba, daren da iska ta kwana tana dukan taga, na'urar ɗumama gidan ta mutu. Na kira shi ya ce gobe. Gobe ta yi ya ce mai gyara ya tafi hutun biki. Na kira har sau goma sha, ban taɓa rubuta masa ko layi ɗaya ba. Kuma ina jin nauyin matsa masa, don takarduna ba su gama fitowa ba, shi ma ya san haka, ya taɓa faɗa mini cikin dariya cewa mutum irina bai kamata ya cika surutu ba.

Dare na shida yarinya ta ƙi barci, hannunta kamar ƙanƙara. Akwai ragowar gawayin da na saya don gashi. Na hura shi a waje, na zubo garwashin a tsohuwar tukunya na shigo da shi, kamar yadda kakata ke yi da kasko lokacin hunturu. Abin da ban yi tunani ba shi ne, ɗakin kakata yana da kafofin da iska ke shiga ta ko'ina, wannan kuwa a toshe yake ruf, har ƙasan ƙofa na cusa tsumma. Can cikin dare na farka kaina na sarawa kamar ana buga guduma. Maiɗakina ta tashi za ta ɗauki yarinya, ƙafarta ta ƙi ɗaukarta, ta durƙushe tana amai. Da rarrafe na kai ƙofa na buɗe. Wata dattijuwa da ke saman bene ce ta ji motsi ta sauko, tana ganin tukunyar ta kira 911. Mu uku muka kwana a asibiti da robar iska a hanci. Likita ya ce hayaƙin gawayi marar wari ne, kabon monoksaid, kuma da mun ƙara awa ɗaya ko biyu, da sai dai a ba da labari. Har yau in na tuna yadda yarinyar nan ta yi shiru a hannuna, jikina yakan mutu.

Daga asibiti muka wuce gidan wani ɗan'uwa, Allah Ya saka masa da alheri, ya bar mana ɗakinsa shi ya koma falo har mako biyu. Muna can bututun ruwan ɗakin namu ya daskare ya fashe. Mai gida ya ce laifina ne, ya riƙe kuɗin ajiya gaba ɗaya. Na ce ai na sha gaya maka na'ura ta lalace. Ya ce, "Yaushe? Nuna mini." Ba ni da abin nunawa.

Daga baya na san abubuwan da da na san su tun farko, da ban kai iyalina bakin kabari ba. Tun 2009 dokar jihar nan ta wajabta sa ƙararrawar gano wannan hayaƙi a gidajen haya masu amfani da gas, bayan da wasu iyali su huɗu suka rasu a wani gida kusa da Aspen a Nuwambar 2008. Ɗakinmu babu ita. Ku duba naku yau, ku danna maɓallin ku ji ta yi ƙara. Na sha shiga gidajenmu in tarar an cire mata batir wai tana damun mutane in an sa turaren wuta. Haba 'yan'uwa mata, ga kaskon turare na lantarki nan ko'ina, ku saya, ku mayar da batirin nan. Kada a ɗumama ɗaki da murhun girki, kada a shigo da gawayi ko janareta, ko gareji ne.

Ɗumama gida kuma haƙƙinka ne a kan mai gida, ba alfarma yake maka ba. In abin da ya lalace yana barazana ga lafiya ko rai, doka ta ba shi awa 24 ya fara gyara, amma lissafin yana ƙarfi ne in ka sanar da shi a rubuce. Saƙon waya ko imel, da kwanan wata, da hoton ma'aunin zafi a jikin bango. In kun yi magana da baki, kana ajiye waya ka tura masa saƙo ka maimaita abin da kuka faɗa. In ya yi biris, a Denba a kira 311 a nemi masu duba gidaje. Tun 2020 kuma akwai dokar jiha da ta hana mai gida tsoratar da ɗan haya da maganar takardun zama. Kuɗin ajiya wata ɗaya gare shi ya mayar, ko har kwana 60 in haka aka rubuta a yarjejeniya, kuma duk abin da ya cire sai ya lissafa a rubuce. In ya riƙe da gangan ba hujja, kotun ƙananan ƙararraki na iya sa shi biyan ninki uku. Wanda kuɗin gas ya yi wa yawa, akwai tallafin LEAP, ana karɓar takardar nema daga 1 ga Nuwamba zuwa 30 ga Afrilu, ko ku kira 211 su nuna muku hanya. In za ku yi tafiya kada ku kashe na'urar ɗumama gida don tsimi, ku rage ta kawai, in ba haka ba bututu zai fashe a kanku.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne har yanzu ana zuwa mini da irin wannan labarin. Ka tambayi mutum ina takardar hayarka, ya ce ai mai gidan mutumin kirki ne. Ka ce ya rubuta, ya ce yana jin kunya. Alhali jama'armu a nan ba ta taɓa barin kowa ya kwana a sanyi ba. Na ga daren da aka tara kuɗin taya huɗu a zauren WhatsApp kafin a yi sallar isha'i, na ga matan da suka kwashe rigunan sanyin 'ya'yansu suka kai wa mai jego da ba su taɓa gani ba. Sai dai ba za mu san halin da kake ciki ba in ka yi shiru har kwana shida kamar yadda na yi.

Yaron nan na ranar Juma'a dai bai je Vail ba, na riƙe makullinsa sai da ya soke tafiyar. An rufe hanyar a ranar na wasu awoyi. Ranar Asabar bayan la'asar za mu kai shi a sauya masa taya. Duk wanda bai tabbatar da tasa ba ya biyo mu, kuma ya taho da takardar hayarsa in yana da ita, mu karanta tare. In babu, ya taho da lambar mai gidan, a nan take za mu rubuta saƙon farko.