Yadda Ake Shirya wa Ɗaliban Zango Ziyarar Gidan Tarihi na Manhyia

Yaro da yawa a Aboabo da Asawase, unguwannin zango na birnin Kumasi a Ghana, ya girma yana wuce fadar Manhyia, wato fadar Sarkin Asante, a mota ba tare da ya taɓa leƙa gidan tarihin da ke cikinta ba. Malamin da ya yi niyyar kai ɗalibansa can, aikinsa yana farawa ne makonni kafin ranar tafiya.

Da farko malam ya je shi kaɗai. Ya zagaya ɗakunan, ya tambayi ma'aikata kuɗin shiga na ɗalibai, da yawan yaran da mai jagora ɗaya zai iya ɗauka, da ƙa'idarsu game da ɗaukar hoto. Sannan ya zaɓi rana ta tsakiyar mako, ya nemi izinin shugaban makaranta da na ofishin ilimi, ya kuma aika wa iyaye takarda su sa hannu.

Mataki na biyu shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato ba yara labarin tun suna aji. A shekarar 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley suka ci Kumasi, suka kwashe kayan fada. A 1896 aka kama Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya, daga baya aka kai shi tsibirin Seshel, bai dawo ba sai 1924. Ginin da yaran za su shiga, Turawa ne suka gina shi a 1925 domin zamansa, aka mayar da shi gidan tarihi a 1995. Yaron da ya san wannan, idan ya tsaya gaban mutum-mutumin Prempeh ko na Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci yaƙin 1900, zai ji kamar ya haɗu da wanda ya sani.

A nan ne kuma ya kamata malamin zango ya nuna wa yara cewa tarihin nan ba na maƙwabta kaɗai ba ne. Fataken goro da suka bi hanyar Salaga, da malaman da suka riƙa rubuta wa sarakunan Asante layu, waɗanda ake ɗinkawa a jikin babbar rigar yaƙi ta batakari, duk kakanninmu suna cikinsu. Haka nan akwai Hausawa a rundunar da Turawa suka yaƙi Asante da ita. Wannan ɓangaren ba shi da daɗin faɗa, amma ɓoye shi ba gaskiya ba ne, kuma ɗaliban manyan azuzuwa za su iya tattauna shi cikin natsuwa.

Na uku, a shirya takardar aiki mai shafi ɗaya. A ganina tambayoyi ashirin ɓata lokaci ne, domin yaro zai sunkuyar da kai yana kwafar rubutun jikin gilashi, bai dubi kayan ba. Abin da ya fi shi ne kowane ɗalibi ya zaɓi abu guda, ya zana shi da fensir, ya rubuta da me aka yi shi, wa ya yi amfani da shi, kuma me ya yi kama da shi a gidansu. Kayan kallo ba su yi kaɗan ba, musamman tun 2024 da aka kawo kayayyakin sarautar Asante 32 aro daga gidajen tarihi biyu na Landan, cikinsu har da takobin sarauta da lofe na zinariya, yayin da gidan tarihin Fowler na Amurka ya dawo da guda 7 dungurungum. Tambaya ɗaya ta isa ta riƙe aji tsawon darasi: ta yaya ake ba mutum aron kayan kakansa?

Ranar tafiya, a raba yara ƙungiyoyi na goma-goma, kowace da babba guda, a ƙidaya su wajen shiga mota da wajen sauka. A ci koko da ƙosai kafin a tashi. Tunda bayanin mai jagora da Turanci ko Twi, harshen Asante, zai kasance, malam ya tsaya kusa yana maimaita muhimman wurare da Hausa ga ƙanana.

Bayan an dawo, kada a bari mako ya wuce. A manna zane-zanen a bango, kowane yaro ya yi bayanin nasa cikin minti biyu. Za a iya sassaƙa hatimin adinkra, wato alamomin gargajiya da Asante ke bugawa a tufafi, da ɓallin ƙwarya, kamar yadda masu sana'ar suke yi a Ntonso, a buga a ƙyalle. Daga nan sai aji ya kafa ɗan gidan tarihinsa: wannan ya aro tsohon allon kakansa, wancan tasa ko ƙwaryar awo, kowane da ɗan kati mai bayanin mai shi da shekarunsa. A rubuta sunan duk abin da aka aro a littafi, a kuma mayar wa tsofaffin da kayansu a ranar da aka yi musu alkawari.