Kurakuran da aka fi yi wajen gwada tsofaffin motocin Ingila da na Japan masu ƙofa biyu

Duk inda masoya tsofaffin motoci suka zauna, sai an ɗora Jaguar E-Type ta Ingila da Datsun 240Z ta Japan a sikeli, wani kuma ya jawo Toyota 2000GT ya ce ita ce sarauniya. Musun yana da daɗi, amma yawanci a kan takarda ake yinsa, kuma daga nan ake fara ɓata.

Babban kuskure shi ne gaskata ƙarfin dokin da kamfani ya rubuta. Da E-Type ta fito a 1961, cewa aka yi injinta mai lita 3.8 yana ba da doki 265, tana gudun mil 150 a awa, ita kuwa 240Z aka rubuta mata 151. Sai dai kafin 1972 akasari a kan teburin gwaji ake auna inji shi kaɗai, ba tare da kayan da ke rage masa ƙarfi a cikin mota ba, don haka lambar takan kumbura. Ka tambayi irin awon da shekararsa, sannan ka duba nauyi. Lotus Elan ta Ingila wajen kilo 700 ce kawai, shi ya sa ƙaramin injinta yake isarta a kwana. Masu raina na Japan kuwa su tuna 240Z ce ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka a 1971 da 1973, cikin ƙura da taɓo.

Wasu kuma suna ɗauka ƙarancin mota shi ne tsadarta. Jensen FF ta Ingila guda 320 aka ƙera, mai ja da ƙafa huɗu tun 1966. Toyota 2000GT, wadda Yamaha ta haɗa, guda 351 ce. Amma a 2013 an sayar da 2000GT a gwanjo sama da dala miliyan ɗaya, kuɗin da FF ba ta kusa da shi. Abin dubawa shi ne mutum nawa ke nemanta da kuma abin da aka biya a gwanjon baya, ba farashin da mai sayarwa ya yanka ba.

Suna ma yana ruɗi. Nissan Skyline da yawa masu tambarin GT-R ƙananan samfuri ne aka sauya musu kama. Ta gaske mai ƙofa biyu ta farkon shekarun 1970 lambar shasinta da KPGC10 ko KPGC110 take farawa, injinta kuma S20 ne. A Jaguar, nemi takardar tarihin motar ka gwada lambar inji da ta shasi.

Inda na fi jin takaici shi ne tsatsa. Mutum ya buɗe bonet, ya ji kukan inji, ya shafa fenti mai ƙyalli, ya biya kuɗi bai taɓa durƙusawa ba. Inji ana sake shi, amma ruɓaɓɓen jiki shi ke cinye aljihu. A 240Z ka ɗaga batir ka leƙa ƙarƙashinsa, ka yaye kafet ka danna daɓen da yatsa. A E-Type ka bi ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, domin shi ke riƙe da jikin motar. Ka naɗe maganaɗisu a tsumma ka bi gefe da shi a hankali, inda ya ƙi kamawa an yi ciko an rufe da fenti. Wannan dabarar ba ta aiki a Elan, tunda jikinta ba ƙarfe ba ne, sai an ɗaga ta an duba shasin.

Kayan gyara fa? MGB GT har sabon jiki sukutum ana samu a Ingila. Mazda Cosmo Sport mai injin rotari (wanda ba shi da fistin, juyawa yake yi) kuwa ƙaramin abu sai ya ajiye ta wata da watanni.

Mai shirin kawo irin wannan mota Najeriya ya lura da sitiyari. Ingila da Japan duk a dama suke sa shi, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, sitiyari a hagu. Sai ya nemi waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka, inda akasarin E-Type da 240Z suka tafi tun asali.