Ƙamshi ba ya hawa waya: abin da nake ɗorawa a sitatus don tallar sana'ata

Shekara shida ke nan ina haɗa turaren wuta da humra a cikin gida, a nan Kano, ban taɓa kama shago ba. Wayata ce shagona. Sai dai sana'ata tana da wata matsala da ta wasu ba ta da ita: ƙamshi ba ya hawa waya. Mai atamfa za ta ɗauki hoto a ga zane, mai cincin a ga yadda ya soyu, ni kuwa kayana hanci ne alƙalinsu. To idan har ni ina samun abin ɗorawa kullum, ke mai ɗinki, da ke mai abincin sayarwa, da kai mai gyaran waya a Farm Centre, ba ku da hujjar cewa kun rasa abin sawa.

A shekarata ta farko hotunan intanet nake kwasowa, kwalabe masu ruwan zinare irin na Dubai, in rubuta “akwai” a ƙasa. Wata baiwar Allah ta yi oda, yaro ya kai mata, ta ga kwalbar ba ita ba ce. Ba ta ce min uffan ba, ta biya kuɗinta, kuma ban sake jin ɗuriyarta ba. Turaren da na kai mata mai kyau ne, amma na riga na yi mata ƙarya da hoto tun kafin ta buɗe murfi. Tun daga ranar, abin da ba hannuna ne ya ɗauka ba, ba ya hawa sitatus ɗina na WhatsApp.

Ɗaukar hoton ma ba wani aiki ba ne. Ki goge gilashin kyamara da gefen mayafinki, don yawancin hotunan da ke fitowa dishi-dishi maiƙon hannu ne ya jawo, wayar lafiyarta ƙalau. Ki shimfiɗa farin ƙyalle kusa da taga ko bakin ƙofa da hantsi, wajen ƙarfe tara zuwa goma, ki ajiye kayan. Kada ki ɗauka da dare a ƙarƙashin ƙwan lantarki, launi yana canzawa, kuma a kan launi ake yawan rigima da masu sayar da yadi.

Yanzu ga maganar da na fi so a ji: ki sa farashi.

Na san abin da za a ce, don ni ma na faɗe shi. Wai abokan sana'a za su gani su karya. Hajiya, wadda take son sanin farashinki za ta sa ƙanwarta ta tambaye ki da wata lamba, ta riga ta sani. Wadda kike ɓoye wa a zahiri ita ce matar da ke kwance da dare a Gusau ko Azare tana duba sitatus, ta ga kwalbar ta yi mata, amma tana jin nauyin ta tambaya a faɗa mata kuɗin da ya fi ƙarfinta, ta rasa yadda za ta janye. Wata kuma tsoronta kada a duba hotonta a yanka mata farashi daidai da leshin da ke jikinta. A Kantin Kwari ana iya farawa daga sama, a yi ta “albarka” da “ƙara dai” har a daidaita, saboda ga ka ga mai saye, ba zai tafi ba sai kun gama. A waya kuwa yatsa ɗaya ne ya wuce da ita wurin wata. Ni dai yadda nake rubutawa ke nan: “Turaren kaya, ƙaramar kwalba naira 3,500, babba 8,000. Farashin yau Talata.” Wannan “farashin yau” ɗin yana raba ni da gardama, don kayan haɗi ba sa kwana biyu a kuɗi ɗaya, kuma akwai masu ajiye hoton wata uku su zo su ce ai haka kika rubuta.

Bayan farashi, abin da ya fi kawo min ciniki shi ne bidiyon aiki. Ina jingina wayar a jikin gwangwanin madara, ta riƙa ɗaukar tukunya lokacin da sukari ke narkewa, in zuba itacen sandal ko hawi, in juya, in kawo madarar turare in kwarara. Daga ƙarshe in ɗebi kaɗan in sa a kasko, a ga hayaƙi yana tashi a hankali. Ba a jin ƙamshin, amma an ga tukunyata a wanke take, an ga ban yi ƙwauron madara ba. Fuskata ba ta taɓa fitowa ba, maigida ma ba zai yarda ba, kuma ba a bukatarta. Hannu da murya sun wadatar. Masu tsoron a sace musu sirri su kwantar da hankalinsu, sirrin yana cikin ma'auni, ni kuwa ba na nuna awo. Tela ya nuna yadda yake yanka wuyan riga, mai kilishi ya nuna shanya da shafa labu, mai waina ta nuna tanda tana cika tana juyawa. Mutane suna son kallon wanda ya iya aikinsa.

Sai koyarwa. Ina da ɗan littafi da nake rubuta duk tambayar da kwastoma ta yi min, kuma duk tambayar da ta zo sau biyu ta zama abin ɗorawa. Wadda ta fi yawa ita ce, me ya sa turaren ke ƙauri? Amsar kuwa garwashi ne. Idan wutar tana ja tana huci, sukarin ne zai ƙone kafin ƙamshin ya fita. A bari gawayin ya ɗan yi toka a sama, sannan a barbaɗa kaɗan. Na yi wannan bayanin a bidiyo gajere, shi ne abin da aka fi tura wa juna cikin duk abin da na taɓa ɗorawa, har wasu da ban sani ba suka riƙa nemana ta dalilinsa. Na yi na yadda ake jera kaya a kan kabbasa don hayaƙi ya ratsa su, na yi na dalilin da ya sa ba a ajiye humra a inda rana ke bugu. Irin wannan ba talla ba ce a fuska, shi ya sa ba a gajiya da ita. Tela yana da nasa: yadi nawa ke isar babbar riga da 'yar ciki da wando, yaya ake wanke shadda ba ta mutu ba. Mai gyaran waya ya faɗi abin da ke sa waya zafi a caji.

Ranar da zan shiga kasuwa sayen kayan haɗi nakan ɗauki ɗan bidiyo, bayan na nemi izinin mai shagon. Ranar aika saƙo kuma in ɗauki kwalaye a ɗaure a tasha, wannan na Kaduna, wannan na Sakkwato, wani lokaci har na Maraɗi. Wanda bai san ki ba, babban tsoronsa ya tura kuɗi a rufe shi, don an sha yi wa mutane. Ganin kaya suna fita yana rage wannan tsoron. Amma ki rufe suna da lambar da ke jikin kwalin. Haka ma saƙon yabo: ki tambayi mai shi tukuna, ki goge sunanta da hotonta. Wata ba ta son kishiya ko dangin miji su san abin da ta saya. Hoton alat na banki kuwa ba na sawa sam, ban ga abin da yake jawowa ba sai ido da masu neman rance.

Akwai abin da ba na rubutawa ko da zai kawo kuɗi, wato cewa turarena na mallaka ne, ko yana korar aljanu, ko yana maganin wani ciwo. Ƙamshi nake sayarwa.

Lokaci ma yana faɗa miki abin da za ki ɗora. Tallar kayan sallah tun cikin Sha'aban nake fara ta, don idan azumi ya raba, kuɗin mutane ya tafi wurin tela. Cikin azumin kuma ba na ɗora komai gab da shan ruwa, kowa yana kicin, sai bayan tarawihi ko bayan sahur. Bayan sallah bukukuwa ke kankama, sai in koma nuna haɗin amarya. Da damina kaya suna warin danshi, turaren kaya ke tafiya. Ƙarshen wata, idan albashi ya shiga, nakan sake ɗora manyan kwalabe.

Kada ki cika. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, wasu sai su ga kamar dole su zuba hoto arba'in a rana, layukan sama su zama ƙanana kamar tsaki. Babu mai kallon wannan, balle tun da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowa yana lissafin datarsa. Ni uku zuwa biyar nake sawa: ɗaya na kaya da farashi, ɗaya na aiki ko koyarwa, sauran abin da ranar ta kawo. Cikakken jerin kayana yana cikin kundin kaya na WhatsApp Business, wanda ya tambaya in tura masa gaba ɗaya.

Ki kuma tuna ba mai ganin sitatus ɗinki sai wanda kika ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taki. Saƙon bai-ɗaya ma, wato broadcast, mutum 256 yake ɗauka a jeri guda, kuma ba ya isa ga wanda bai ajiye lambarki ba. Don haka duk wadda ta saya nakan ce, “Anti, don Allah a ajiye lambata.” Jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba kuwa, hanyar da za a toshe ki ce. Facebook da Instagram da TikTok nan ne baƙi ke ganinki, saboda haka ki rubuta gari da unguwa da lambar waya a kowane bidiyo. Na taɓa samun dubban masu kallo a TikTok ban sayar da ko kwalba ɗaya ba, don na manta ban faɗi inda nake ba.

Rabon kyauta na “ki bi ni, ki kira ƙawaye biyar” sau ɗaya na gwada, ya tara min 'yan son banza, ana gamawa suka watse. Abin da ya yi min aiki shi ne ɗanɗano. Ina ƙulla kala uku a ƙananan ledoji, naira 500, in sanar a sitatus cewa wadda ba ta taɓa gwadawa ba ta fara da wannan. Maƙwabciyata mai ƙunshi kuma na ajiye mata kasko da kwalba guda, tana turara ɗakin da amare ke zama ana zana musu lalle. Mai ƙunshi a hannu ba ta tashi sai ya kama, awa biyu tana shaƙa. Ita tana ɗora kayana, ni ina ɗora zanenta. Jiya ma wata uwar amarya ta kira ni daga ɗakin, ta ce wanda ke kan kaskon nan take so, manya huɗu, kafin ranar kamu.