Yadda zaka gano ma'anar sunan Timur da ire-irensa na Turkawa

Abu na farko dai ka tabbatar sunan na Turkawa ne na asali, don da yawa Larabci ne aka lanƙwasa, kamar Mehmet wato Muhammad, ko Osman da yake Usman. In ka ji irin wannan to ba sai ka wahalar da kanka ba.

Timur kam nasu ne gaba da baya. Daga tsohuwar kalmar temür ya fito, ma'anarta ƙarfe, kaga kenan fata ake ma yaro ya zama mai tauri wanda baya lanƙwasuwa. To anan ne mutane ke ruɗewa, saboda harafin farko yana canzawa daga wuri zuwa wuri, a Turkiyya zaka ji Demir, mutanen ƙasashen Kazakhstan da Kyrgyzstan suce Temir, amma duk abu ɗaya ne, don haka in baka samu sunan da T ba gwada shi da D. Wanda yafi ɗaga sunan shine sarki Timur na Samarkand, wani birni a Uzbekistan ta yau, da ya rasu a 1405.

In sunan dogo ne kuma sai ka raba shi biyu. Alparslan misali, alp jarumi ne, arslan zaki, sunan sarkin daular Turkawan Saljuk da ya ci Rumawa a yaƙin Manzikert a 1071. Ertuğrul ma haka, er namiji, tuğrul wani tsuntsu mai farauta. Wannan ğ ɗin fa kar ka karanta shi g, jan wasalin da ke kafinsa kawai ake yi.