Kafin ki biya kuɗin gadon jariri, ki saka tef ɗin awo a jaka tukunna

Yawancinmu idan muka je sayen gadon jariri kala muke fara kallo, da labulen da aka zagaye shi da shi, da ɗan abin wasan nan mai juyawa a sama yana kiɗa, nima haka na yi a haihuwata ta fari wallahi ban duba komai ba sai kyau. Sai da na kawo gado gida na ɗora katifar da na saya daban na ga hannuna gaba ɗaya yana shigewa tsakanin katifa da jikin gadon, na kira wanda ya sayar min yace ai ba komai na cusa tawul a wurin. Tawul fa! Daga baya na gane wannan ramin da wannan tawul ɗin duk suna cikin abubuwan da ke shaƙe jarirai. Toh shi yasa nake cewa ki tafi da tef ɗin awo, irin na tela ma ya isa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, a nan kam bai sani ba, santimita ɗaya ko biyu ne bambancin gado mai aminci da kyan ɗan maciji.

Bari mu fara da wane iri ma kike nema, don ana yawan haɗa su. Akwai ƙaramin gado na jarirai zalla wanda katifarsa yawanci santimita 120 ce a tsawo 60 a faɗi, wannan zuwa shekara 2 ko ƙasa da haka yaro ya cika shi. Akwai kuma babban, mai katifa 140 da 70, wanda idan yaro ya girma ake kwance sandunan gefensa ya koma ɗan ƙaramin gado na yara, shi kan kai yaro shekara 4 ko 5. Idan ɗakinki yana da fili ni na fi son na biyun, sau ɗaya zaki saya ki huta. Amma ki auna ɗakin kafin ki fita, har da faɗin ƙofa, domin likitocin yara sun ce watanni 6 na farko gadon jariri a ɗakin da kike kwana ya kamata ya zauna, kusa da ke amma shi a nasa gadon, kinga idan kin sayo ƙato bai shiga ba kin koma gidan jiya. Idan kuma kina tunanin ƙani zai biyo baya da wuri, ƙaramin ma ba laifi tunda dama babban yaron zai tashi ya ba ƙaninsa wuri.

Awo na farko, tazarar da ke tsakanin sandunan gefe. Ka'idar Amurka ta ce kada ta wuce inci 2 da 3/8, wato kusan santimita 6. Ta Turai, wadda zaki ga an rubuta EN 716 a jikin kwali ko takardar gadon, ta ce tsakanin santimita 4.5 zuwa 6.5. Dalilin kuwa abin tsoro ne idan kika tsaya kika yi tunani: kan jariri ya fi jikinsa girma, toh idan tazarar ta yi yawa ƙafafu da ƙugu da ƙirji duk sai su zurara waje kan ya maƙale, yaro ya rataye da wuyansa. Idan kin manta tef ki ɗauki gwangwanin lemo ki gwada tura shi tsakanin sandunan, in ya wuce ki bar gadon nan ko da kyauta aka baki. Kuma dan Allah ki gwada wurare da yawa ba wuri ɗaya ba, musamman idan kafinta ne ya haɗa da hannu, sau da yawa zaki ga na tsakiya daidai amma na kusa da kusurwa ya buɗe. Ki kama kowace sanda ki girgiza, wadda take juyawa ko motsi a raminta gobe zata fita.

Na biyu zurfi. Gado mai kyau ƙasansa yana da hawa biyu ko uku da ake ɗagawa a sauke. Sabon haihuwa ana sa shi a hawa na sama don bayanki ya huta, wadda aka yi wa tiyata ta san abin da nake nufi. Amma da zarar yaro ya fara yunƙurin zama ko yana dafa hannu da gwiwa, wajen wata 5 zuwa 6, sai a sauke, kafin ya fara kama abu yana miƙewa kuma a kai shi can ƙasa gaba ɗaya. A hawan ƙasa, daga saman katifa zuwa bakin sandar sama kada ya gaza santimita 50. Ki lura nace daga saman katifa, ba daga katakon ƙasa ba, don wasu sai su sayo katifa mai kauri kamar ta manya su cinye rabin zurfin, yaro yana miƙewa sanda tana iya cibiyarsa. Gadaje da yawa suna da ɗan layi da aka zana a ciki wanda ke nuna iyakar inda katifa zata kai, ki neme shi.

Yanzu katifa, kuma nan zan daɗe don nan aka fi kuskure. Mu a tunaninmu laushi shi ne gata, jariri kuwa tauri ne gatansa. Jaririn wata 2 ko 3 idan fuskarsa ta nutse a abu mai laushi ba shi da ƙarfin wuyan da zai ɗago ko ya juya, sai ya yi ta shaƙar iskar da ya fitar. Ki danna tafin hannunki a tsakiyar katifar da gefenta, ki ɗaga, in ta dawo nan take ba ta bar shatin hannunki ba toh ta yi, in kuwa ta lotsa ta tsaya a'a. Ta zama shimfiɗaɗɗiya ba tudu ba gangara, mai rigar da ruwa ba ya ratsawa saboda fitsari da tumbuɗi, kuma ta cika gadon tsaf. Gwajin da kowa zai iya: ki tura katifar ta manne da gefe ɗaya, ki sa yatsunki a ɗaya gefen, idan fiye da yatsu biyu suka shige ta yi ƙanƙanta, canza ta za a yi ba cikon tawul ko tsumma ba. Shi yasa ya fi sauƙi ki sayi gado da katifarsa tare ko ki rubuta awon cikin gadon a waya kafin ki je. Ledar da aka naɗo katifa da ita kuma a cire ta duka, na san akwai masu barinta wai kada katifa ta yi datti, wannan ledar tana iya manne wa yaro a hanci. Zanin gado guda ɗaya mai roba a baki wanda ke kama katifa ƙam, shikenan.

Akwai wani irin gado da gefensa ɗaya ke zamewa ƙasa a ɗauki yaro a mayar, yana da daɗin aiki ba ƙarya, amma Amurka ta haramta ƙera shi da sayar da shi tun watan Yunin 2011 bayan jarirai sama da 30 sun rasu a cikinsa cikin kusan shekara goma. Ƙarfen ko robar da ke riƙe gefen ne ke lalacewa ko a ɗaura shi a juye, gefen ya buɗe kaɗan, yaro ya faɗa tsakaninsa da katifa. Har yanzu irinsu suna yawo a kayan gwanjo da ɗakunan ajiya na 'yan uwa, don haka idan an baki kyautar tsohon gado ki duba wannan da farko. Gaskiya tsohon gado ba haramun ba ne, nima na biyu na na hannu ne, amma ki tabbata duk notinansa da sukurorinsa na asali suna nan ba a maye gurbin wani da ƙusa ko waya ba, ba tsagewa a katako, kuma hukumar kula da amincin kayayyaki ta Amurka tana ba da shawarar kada a yi amfani da wanda ya haura shekara 10. Katifa dai ki daure ki sayi sabuwa. Sai maganar fenti, tsofaffin fenti da yawa akwai dalma a ciki, Amurka ta hana shi a fentin gida tun 1978 amma ba ko'ina aka daina ba, yaro kuma idan haƙori ya fara masa ƙaiƙayi bakin gadon nan zai kama ya yi ta gwaguya kamar ɓera. Fentin da ke ɓarewa a guje shi, idan sabo za a yi miki ki ce fenti marar dalma kike so, a bar shi ya sha iska har warin ya tafi kafin a kwantar da yaro. Wasu gadajen suna zuwa da roba a bakin sandar sama saboda wannan cizon, abu ne mai kyau.

Ki shafa hannunki ko'ina ki ji ko akwai tsini ko kan sukuru da ya leƙo. Ƙusoshin ado da ke tsayawa a kusurwa huɗu kamar hasumiya ba a so, wuyan riga ko igiyar abin tsotso na iya sarƙewa a nan. Haka ma allon kai da aka huda aka yi masa siffar zuciya ko tauraro, hannu ko kai na iya maƙalewa. Mai taya kuma ya zama yana da birki.

Toh an kawo gado an ɗaura, me za a sa a ciki? Yaro. Shi kaɗai. Na san wannan yana yi wa mutane wuya, gado ya zama fayau kamar ba a damu da mai shi ba, baƙi su zo barka su ga ba filo ba teddi ba komai. Amma filo, da bargo mai kauri, da 'yan tsana, da wannan sosan da ake ɗaurawa a zagaye sanduna wai kada ya buga kai, duk waje har sai ya cika shekara ɗaya aƙalla. Shi wannan sosan gefen ma doka ta hana sayar da shi a Amurka a 2022, tare da gadajen jarirai masu gangara irin waɗanda kai ke sama ƙafa na ƙasa. Buga kai a sanda kuka ne na minti biyu, manna fuska a soso kuwa ba a jin ƙararsa, ga shi idan yaro ya yi wayo shi zai taka ya haura. Idan ana sanyi ki sa masa kayan barci masu ɗumi ko jakar barcin nan ta jarirai mai hannu a waje, in kuma dole sai mayafi toh marar nauyi, ki kwantar da shi ƙafafunsa na taɓa ƙarshen gadon, ki soke mayafin a ƙarƙashin katifa iya ƙirji yadda ba zai zame ya shige ciki ba. Kada a rufe masa kai, hula ma a cire idan a ɗaki zai yi barci. Ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, in yana gumi kayan sun yi yawa, tafin hannu da ƙafa ba sa nuna gaskiya don kullum sun fi sanyi.

Kuma a rigingine, kowane barci, na dare da na rana. Iyaye da kakanni zasu ce miki zai shaƙe da tumbuɗi, ki yi musu bayani cikin ladabi, lafiyayyen jariri a rigingine yana haɗiyewa ko ya tari abin ya fito. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara ba da wannan shawara a 1992, aka yi babban gangami a 1994, kuma mutuwar farat ɗaya ta jarirai a cikin barci ta ragu da fiye da rabi a shekarun da suka biyo baya. Hatsarin ya fi yawa tsakanin wata 2 zuwa 4. Idan ya kai lokacin da yake juyawa da kansa gaba da baya ba sai kin kwana kina juyo shi ba, ke dai ki fara kwantar da shi a bayansa.

Inda za a ajiye gadon ma abin dubawa ne. Nesa da taga da igiyar labule, nesa da wayar caja da soket, ba a ƙarƙashin kanta ko hoto mai nauyi ba, ba kusa da hita ba, kuma ba mai shan sigari a ɗakin. Idan wurin da kike akwai sauro gidan sauro dole ne, sai dai a rataye shi sama sosai a ja shi ya miƙe, ya sauka ta wajen sanduna yadda hannun yaro ba zai jawo shi ya naɗe ba. Abin wasan da ke lilo a sama kuma a cire shi wajen wata 5 lokacin da ya fara kai hannu.

Duk bayan 'yan makonni ki ɗauki abin ɗaure noti ki bi su ɗaya bayan ɗaya, yaro mai tsalle yana kwance su ba ki sani ba, takardar haɗa gadon ma ki adana ta tare da sauran ƙarafunan don ranar da za a mayar da shi ƙaramin gado zaki neme su ki rasa. Ranar kuwa ba shekaru ke kawo ta ba, yaron ne: in tsawonsa ya kai wajen santimita 89, ko sandar sama ta dawo ƙasa da ƙirjinsa idan ya tsaya, ko kika kama shi ya ɗora ƙafa ɗaya a kai ko da sau ɗaya ne, a ranar a kwance gefen. Satin farko ki shimfiɗa wani abu mai laushi a ƙasa ta inda zai iya gangarowa, kuma ki bi ɗakin da rarrafe ki ga abin da hannunsa zai kai, don daga yanzu da asuba kina barci shi ya sauko yana zagaye.