Allurar siminti a ƙashin baya: yadda za ku shirya mara lafiyarku

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma tambayar da dangi suka fi yi mini ita ce, "Sista, simintin nan zai kashe cutar?" Ba zai kashe ta ba. Kansar nono ko ta huhu, idan ta kai ƙashin baya, rarake shi take yi kamar yadda gara ke cin azara, har ya lotsa, mutum ya kasa ko juyi a kan gado. Simintin cike ramin yake yi ya riƙe ƙashin, ciwo ya lafa. Gashin da ake yi wa cutar da na'ura (radiotherapy) da sauran magungunan cutar kansa suna nan daram, kada a bar su.

Ba simintin gini ba ne. Wani sinadari ne mai suna PMMA da ake kwaɓawa. Likitoci biyu, Galibert da Deramond, su suka fara wannan aiki a birnin Amiens na Faransa a 1984.

Ku fara da hoton MRI, ku tafi da duk tsofaffin hotuna da takardun gwaji. Sannan ku juye wa likita ledar magungunan gaba ɗaya a kan tebur, har na gargajiya. Na fi damuwa da masu tsinka jini irin su asfirin da wafarin. Likita ne zai faɗi ranar dakatar da su, kada ku yanke da kanku. Idan akwai zazzaɓi ko ƙurji a baya, ku faɗa, domin ba a zuba siminti inda ƙwayar cuta take. Galibi ana hana abinci awa 6 kafin a shiga.

Rub da ciki ake kwanciya, kuma wannan shi ya fi wahalar da mai ciwon baya. Ku tambaya tun da wuri yadda za a rage masa raɗaɗi. Za a kashe wurin, a zura allura cikin ƙashin ana kallonta a na'urar hoto, a tura siminti kaɗan, sau da yawa bai cika cokalin shayi ba. Cikin minti 20 ya daskare. Daga nan sai kwanciya rigingine ta awa ɗaya ko biyu. Da yawa suna jin sauƙi cikin kwana biyu.

Simintin yana iya tsiyaya ya taɓa jijiya, ko ya bi jini zuwa huhu. Saboda haka idan ƙafa ta mutu ko ta yi nauyi, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, ko numfashi ya yi wuya, ku koma asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Alamun ƙafa da fitsarin nan, ko kafin aikin suka bayyana, suna nuna an danne lakar da ke cikin ƙashin baya, kuma wannan ya fi ƙarfin siminti.

Don Allah kada a kai shi wajen maɗori, kada kuma wani ya taka masa baya da sunan tausa. Ƙashin da kansa ta ci ba ya ɗaukar matsa.